Lungu namu, babban bututu na gwamnati: yadda Orangi ta gyara kanta da inda gyaran ya tsaya

Idan gwamnati ta tashi gyaran unguwar talakawa a babban birni, hanya biyu ta fi sabawa da su. Ko dai ta turo katafila a share wurin, kamar yadda aka yi wa Maroko a Legas a watan Yulin 1990, inda mutum kusan 300,000 suka wayi gari ba su da wurin sa haƙarƙari, ko kuma ta ciwo bashi daga waje ta miƙa wa 'yan kwangila, a zuba kwalbati, a shimfiɗa kwalta, a ƙaddamar, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Bayan damina biyu kwatar ta toshe, babu wanda yake ganin alhakinsa ne ya yashe ta.

Da aka gaji da waɗannan biyun sai aka shiga yayin hanya ta uku, wato haɗin gwiwa da mutanen unguwa. Yau da wuya ka buɗe takardar wani shirin raya birane ba ka ci karo da wannan magana ba. Sai dai sau da yawa abin da ake nufi shi ne a tara mai unguwa da liman da shugaban matasa a ɗakin taro, a karanta musu abin da aka riga aka yanke, su sa hannu, a raba lemo. Wanda yake son ya ga haɗin gwiwar da ta wuce taro, ya dubi unguwar Orangi da ke birnin Karachi na Pakistan. Abin da ya ba aikinsu ƙarfi shi ne an ja layi ƙarara tsakanin abin da ke wuyan mazauna da abin da ke wuyan hukuma, an kuma fayyace hannun wa kuɗi zai zauna.

Orangi tana arewa maso yammacin Karachi. Tun tsakiyar shekarun 1960 dillalai suka fara yanka filayen gwamnati a can suna sayar wa marasa galihu, kusan irin awon igiyar da muka sani a gefen Kano. Bayan yaƙin 1971 da ya haifi Bangaladash, 'yan gudun hijira suka ƙara kwararowa, kafin 1980 mazaunan sun doshi 800,000. Su suka gina gidajensu da bulon da masu buga shi a unguwar ke ba su bashi, su suka buɗe makarantun kuɗi. Abin da ya gagare su shi ne ƙazanta. Wasu masai na bokiti suke amfani da shi, a kwashe a zubar, wasu sun haƙa sokawe yana cika yana tumbatsa. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana kwance a tsakiyar lungu, yana cin gindin katanga, yara suna wasa a gefensa, gudawa da taifot da zazzaɓin cizon sauro kuma ba sa barin gida. Hukumomin birni suna cewa unguwar ba ta cikin tsari, kuma ko da tana ciki, kuɗin shimfiɗa mata bututun ƙarƙashin ƙasa sai an ciwo bashin waje.

A wannan hali ne Dakta Akhtar Hameed Khan ya kafa shirin gyaran unguwar mai suna Orangi Pilot Project a 1980, da tallafin gidauniyar bankin BCCI. Dattijo ne a lokacin, an haife shi a 1914. Ya taɓa zama babban jami'i a mulkin Turawan Ingila a Indiya, ya ajiye aikin a 1945 ya koma leburanci da gyaran kwaɗo, daga baya ya jagoranci shahararriyar cibiyar raya karkara ta Comilla da ke Bangaladash ta yanzu. Da ya shiga Orangi bai fara da gina komai ba. Watanni ya kwashe yana yawo lungu-lungu, yana zama da magina da masu shago da kansiloli. Tambayar da ta tsaya masa ita ce, mutanen da suka iya gina gida da guminsu, me ya hana su gina magudanar da ba ta kai kuɗin ɗaki ɗaya ba?

Ya gano shinge huɗu. Mutane sun sa a ransu aikin gwamnati ne, kuma duk lokacin zaɓe ana yi musu alkawarin za a yi kyauta, don haka wanda ya ce a yi karo-karo sai a ga kamar ya zo cutar su. Sannan farashin da hukuma ke yankewa ya fi ƙarfin aljihunsu. Ba su da ilimin auna gangare da zurfi. Kuma ba su da wani tsari da zai haɗa kan gidaje a kan aiki ɗaya.

Batun farashi aka fara kamawa, kuma nan ne aka tono abin da ya kamata duk mai sha'awar wannan fanni ya riƙe. Da aka warware ƙiyasin hukuma dalla-dalla, sai aka ga siminti da bututu da ladan magini kaɗan ne daga ciki. Sauran ribar ɗan kwangila ce, da kason da ake ba na sama, da ƙa'idojin gini da aka gada daga Turawa waɗanda aka tsara wa manyan tituna. Lungun da babbar mota ba ta shiga, me zai sa a binne bututunsa da zurfin babban titi? Aka rage zurfin. Ramukan duba bututu aka ƙanƙanta su, aka ƙera faifan ƙarfe da za a zuba kankare a ciki nan take, ba sai an nemo ƙwararren birkila ba. Aka sa wa kowane gida ɗan ƙaramin rami tsakanin masai da bututun lungu, domin ya tare tarkacen da zai toshe hanya, wanda kuma idan ya cika mai gidan ne zai fara jin jiki, ba maƙwabta ba. Masanin gine-gine Arif Hasan, wanda ya shiga aikin a 1981, yana cikin waɗanda suka daidaita waɗannan dabaru. Daga ƙarshe masai na cikin gida da kason gida a bututun lungu suka tsaya a kan kusan rufi 1,000 na kuɗin Pakistan, wajen dala 66 a canjin wancan lokaci, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na farashin hukuma ba.

Sai batun haɗa kai. Khan bai kafa wata babbar ƙungiyar Orangi mai shugaba da sakatare da ma'aji ba, domin ya san irin wannan kujera 'yan siyasa take jawowa. Lungu ya ɗauka a matsayin ma'auni, gida 20 zuwa 40, mutanen da suka san juna, suka san wanda ke cika alkawari da wanda ke cin bashi. Ma'aikatan shirin, waɗanda galibi 'yan unguwar ne, za su zo da yamma su yi bayani. Idan lungu ya amince, sai ya zaɓi jagora daga cikinsa ya rubuta takardar neman taimako. Masu awo su zo su auna gangare, su zana taswira, su rubuta yawan bututu da buhun siminti da ladan aiki, su ba da aron diga da shebur da baro da faifan zuba kankare. Iyakar abin da shirin ke bayarwa ke nan. Kuɗin aiki ko sisi ba ya bayarwa, kuma ko sisi ba ya karɓa. Jagoran lungu ne ke bi gida-gida yana tarawa, shi ke sayo kaya, shi ke ba da lissafi a gaban waɗanda zai haɗu da su a masallaci da asuba. A lunguna da dama mata ne suka tsaya a kan maganar, don su ke jinyar yara, wasu ma daga kuɗin cefane suka riƙa cire kasonsu.

A ganina wannan ƙa'ida ta kuɗi ta fi dabarun injiniya muhimmanci. Da zarar kuɗin waje ya shigo unguwa, hankali yana barin aikin ya koma kan rabo, a fara tambayar wa aka ba, nawa ya ci. Idan kuɗin na mutane ne, suna hannun wanda suka zaɓa, ba a bukatar mai binciken kuɗi daga ofis. Kuma wanda ya haƙa rami da hannunsa ya san inda bututu ya bi, ranar da ya toshe ba zai tafi sakatariya ya yi layi ba.

Ba a tafi sumul ba. Wasu lunguna da suka ga na maƙwabta ya yi kyau sun yi gaban kansu ba tare da awo ba, bututun ya kwanta ba gangare, ya toshe, sai da aka tone. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma sanin wurin yoyo daban, iya rufi daban. Masu yabon Orangi sukan manta da wannan, su riƙa ba da labarin kamar talakawa ne suka tashi kawai suka yi. Da babu wannan ƙaramin ofis mai masu awo da taswira, wanda ya zauna a unguwar shekara da shekaru yana koya wa samari aikin safiyo, da ƙwazon ya tafi a banza.

A farkon shekarun 1980 hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta turo mai ba da shawara. Bai gamsu da tsarin ba, yana ganin babu jadawali, babu babban tsari na gaba ɗaya, fasahar kuma ta yi araha da yawa. Saɓanin ya kai ga raba Orangi, aka ba shirin Majalisar wani yanki ya gwada tasa hanyar. Bayan shekara shida da kashe dala 625,000, lunguna 36 ya kammala, aka rufe shi. A daidai wannan tsakani ɓangaren Khan ya kai dubban lunguna. Zuwa farkon shekarun 2000, gidaje fiye da 90,000 a lunguna sama da 6,000 sun samu masai da bututu da kuɗin mazaunansu. Rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 ya ce mutuwar jarirai a yankin ta sauko daga 130 cikin kowane 1,000 a farkon shekarun 1980 zuwa ƙasa da 40. Ba magudana kaɗai ta yi wannan ba, akwai rigakafi da shirin lafiya da aka gudanar ta hannun mata, amma ita ce ginshiƙin.

To amma ina ƙazantar take zuwa idan ta bar lungu? Nan ne iyakar taimakon kai da kai ta bayyana. Bututun lunguna suna zuba a ƙananan bututun tarawa, su kuma su gangara cikin kwaruruwan da ruwan sama ke bi, daga nan sai teku, ba tare da an tace ba. Wato an kwashe matsalar daga ƙofar gida an kai ta gaba. Mutanen shirin ba su ɓoye wannan ba, a kansa ma suka gina hujjarsu. Suka ce aikin hawa huɗu ne: masai, bututun lungu, bututun tarawa, waɗannan na cikin unguwa ne, mutane za su iya. Babban bututu da matatar ruwan ƙazanta na waje ne, babu karo-karon da zai gina su, haƙƙi ne a wuyan gwamnati. Ba su yarda a gauraya kuɗi a ce mutane su kawo kaso kaza gwamnati ta cika ba, domin a irin wannan gaurayen kuɗin talaka ke narkewa a farashin ɗan kwangila. Kowa ya ɗauki nasa ɓangaren ya yi shi daga farko har ƙarshe.

Akwai sukar da ba za a kawar da kai daga gare ta ba. Mazauna unguwannin masu hali a Karachi ba su haƙa ramin bututunsu ba, hukuma ta yi musu. Me ya sa sai talaka ne za a ce ya biya haraji, ya kuma ɗauki diga? Masu wannan magana suna ganin tsarin yana sauke wa gwamnati nauyi, har ma yana ba ta hujjar janye jiki. Ina ganin suna da gaskiya a ƙa'ida. Sai dai zaɓin da ke gaban mutanen Orangi a 1980 ba tsakanin aikin gwamnati da aikin kansu yake ba, tsakanin aikin kansu ne da ƙarin shekara ashirin na jira. Kuma abin da ya biyo baya ya nuna wanda ya gama nasa ɓangaren bakinsa ya fi kaifi. Da lunguna suka kammala, kansiloli suka ga babu sauran riba a alkawarin kwata, aka miƙa musu taswirar mazaɓunsu da ke nuna inda bututun tarawa ya kamata ya bi, mutane suka matsa musu su kashe kuɗin mazaɓa a can. A 1999 gwamnan lardin Sindh, inda Karachi take, ya soke bashin dala miliyan 70 da za a karɓo daga Bankin Raya Asiya don aikin magudanar Korangi, wani yanki daban na Karachi, bayan ƙungiyoyi sun nuna da taswira cewa tsarin ya yi watsi da bututun da mutane suka riga suka shimfiɗa, kuma za a iya yi da kuɗin gida a farashi mai sauƙi. A 2006 manufar tsaftar muhalli ta ƙasar Pakistan ta amince da wannan rabon aiki.

An kai tsarin wasu garuruwa da yawa a Pakistan, ya kama a wasu, ya mutu a wasu. Dalilan sun cancanci a tsaya a kansu, don su ne ke hana a ɗauki Orangi a matsayin maganin kowace cuta. Dillalan da suka yanka filayenta, duk da haramcin sana'arsu, sun yanka su a miƙe, layi-layi, don haka bututu yana samun hanya. Ƙasar tana da gangare, ruwa yana tafiya da kansa ba sai da injin turawa ba. Yawancin mazauna su ke da gidajen, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta fara halasta irin waɗannan unguwanni, don haka mutum yana da tabbacin ba za a tashe shi gobe ba. Ɗan haya ba zai zuba kuɗinsa a ƙarƙashin gidan wani ba, musamman da ya san idan unguwa ta gyaru kuɗin haya ne zai tashi. Wanda katafila ke yi wa barazana shi ma ba zai binne dukiyarsa a ƙasa ba.

Wannan matsala ta mallakar ƙasa ita Tailan ta tunkara a shirinta na Baan Mankong da aka fara a 2003, inda ƙungiyoyin adashin unguwa ke saye ko hayar filin a dunƙule da sunan ƙungiya, gwamnati ta ba su rance mai sauƙi da tallafin kayan more rayuwa, su tsara gidajen da kansu. Riƙe takardar a dunƙule yana hana a bi su ɗaya-ɗaya a saye su. Birtaniya kuwa ta bi ta hanyar kuɗi. A shirinta na New Deal for Communities da aka ƙaddamar a 1998, unguwanni 39 ne kowace ta samu kusan fam miliyan 50 na shekara goma, ƙarƙashin kwamitocin da mazauna ke zaune tare da 'yan sanda da hukumomin lafiya da ƙananan hukumomi. Binciken ƙarshe ya nuna unguwannin sun gyaru a ido, tsoron miyagu ya ragu, mutane sun fi jin daɗin zama, amma sauyi a rashin aikin yi da sakamakon karatu bai taka kara ya karya ba. Gyaran wuri ya fi gyaran aljihun mazauninsa sauƙi, ko a ƙasa mai arziki.

A wajenmu ba ƙwazo ne ya yi ƙaranci ba. Aikin gayya tsohon abu ne, kuma duk gabanin damina ƙungiyoyin taimakon kai da kai a Kano da Zariya da Katsina suna fitowa yasar kwata. Sai dai dubi yadda abin ke ƙarewa: samari sun shiga lambatu har gwiwa, sun tara baƙin laka a bakin hanya tsibi-tsibi, motar kwashewa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Mutane sun yi na ciki, na waje bai samu mai yi ba, kuma babu wata yarjejeniya da za a riƙe a ce ga wanda ya saɓa. Lungunan cikin birni ba miƙaƙƙu ba ne kamar na Orangi, kududdufan da ke shanye ruwa an cike da yawansu an yi gini, ruwan famfon da zai kora bututu ma ba kullum ake samu ba, saboda haka kwafar fasaharsu kai tsaye ba za ta yi ba. Abin ɗauka shi ne ƙaramin ofishin masu awo da ke zaune a unguwa, da taswirar da ke nuna inda ruwan kowane lungu ke bi, da rubutaccen rabon aiki. Ghana ta gwada ta sama, ta kafa ma'aikatar raya zango-zango da asusu na musamman a 2017, ma'aikatar kuma ba ta wuce 2021 ba. Abin da aka rataya a wuyan gwamnati ɗaya yakan tafi da ita, ko ma ya riga ta tafiya.

Taswirar da ta zama makamin Orangi ita ce kuma ta jawo mata asara mafi girma. Perween Rahman, wadda ta shiga aikin a 1982 tana matashiyar masaniyar gine-gine, daga baya ta shugabanci cibiyar bincike da horarwa ta shirin, ta faɗaɗa zanen ya wuce magudana. Ita da matasan da ta horar sun rubuta tsofaffin ƙauyukan gefen Karachi da masu handamar filaye ke haɗiyewa, don mazaunansu su samu takarda, sun kuma bi diddigin wuraren da ake satar ruwan famfo ana sayar wa jama'a a tanka. Ranar 13 ga Maris 2013 'yan bindiga suka harbe ta a hanyarta ta komawa gida daga ofis. A 2021 kotu ta ɗaure mutum huɗu rai da rai, a 2022 babbar kotun Sindh ta wanke su.

Bayan ambaliyar da ta ci Karachi a watan Agustan 2020, kotun ƙoli ta ba da umarnin share bakin kwaruruwan Gujjar da Orangi. Su Arif Hasan sun daɗe suna nuna cewa babban abin da ke hana ruwa fita shi ne toshe bakunan kwaruruwan a wajen teku, inda aka cike fadama aka yi tituna da unguwannin masu kuɗi. Duk da haka gidajen talakawa aka rusa, har da na masu takardar izinin zama daga hukuma, aka ƙara da fitar da titi mai faɗin ƙafa 30 a kowane gefe. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi gargaɗi a watan Yunin 2021 cewa rusau ɗin zai iya shafar mutum kusan 96,000. Abin da aka yanka wa kowane gida shi ne kuɗin haya rufi 15,000 a wata na tsawon shekara biyu, tare da alkawarin sake tsugunar da su.